Inna, Sunan Bello Bai Fito Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fata kabarinki na cike da haske. Inna, ƙarar kaina na kawo miki.

Kin san ina aiki a ofishin koyar da matasa sana'a a Bodinga. Bara aka tura mu horo a Sakkwato, kan yadda ake gane ko shirin samar da aiki ya yi amfani da gaske. Malaman suka ce a raba masu nema gida biyu ta hanyar ƙuri'a: a koyar da wasu, a bar wasu, bayan shekara a gwada su a ga bambanci. Wanda aka bari, ba a taimaka masa ta bayan fage, in ba haka ba awon ya lalace. Na yi ta gyaɗa kai, har ni ne sarkin amsa tambaya a aji. Kin san ni da son a ce na iya.

Sai aka buɗe koyon gyaran injin ban ruwa a Shagari, Bello autanki ya rubuta suna. Albasarsa ta ruɓe a Lambara, ga mata ga jariri.

Ranar ƙuri'a ni aka ba kwanon da aka zuba sunaye. Na girgiza, dattawa suna zaro takardu ana kiran suna, har gurabe suka cika. Bello yana tsaye a bayan taro da sabuwar hula. Da aka watse ya ce, "Yaya, kwanon ga na hannunka, amma sunana ya kasa hitowa?" Na tsaya ina yi masa bayanin awo kamar ina aji. Har yau kunyar bayanin nan nake ji.

Ban manta abin da kika ce a asibiti ba: "Ka riƙe mini Bello, kak ka bari shi tai kudu awa ubanku." Baba ya tafi cin rani muna ƙanana, ko gawarsa ba mu gani ba.

Da na cusa sunansa, da an cire na wani, shi ma yana da uwa. Na san tsarin daidai ne, Inna, kuma saninsa bai rage mini komai ba.

Shekaranjiya takardun bibiyar waɗanda suka shiga ƙuri'ar suka iso teburina. Babu suna a kansu, sai lamba, amma ni na rubuta lambarsa, na haddace ta. Ma'aikacin da aka tura Lambara bai same shi ba. Ya yi alama a gurbin da aka rubuta "ya bar gari".

Na kira wayarsa, a kashe. Matarsa ta ce motar kudu ya shiga, kuma ya hana a gaya mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya dawo mana da shi lafiya. Ki yafe mini, ban riƙe shi ba.

Ɗanki,
Umaru