Harafin Baba

Daga Osaka

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar Kaka? Ƙanena Shohei yana tashi makaranta da wuri kuwa? Da fatan jirgin Baba yana dawowa da kifi.

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Ina cin abinci sosai, ko da yake yawanci ni kaɗai.

Sifaniyancin da na ƙara a kan karatuna ne ya so ya gagare ni. Suna da wani harafin "r" da harshe ke karkarwa a kansa. Kin tuna kin hana ni yin sa tun ina ƙarama, kin ce sai masunta da 'yan daba ke magana haka? To, Malama Begonya ta ce in ban iya shi ba, ba zan ci jarrabawar baka ba. Kullum in zan ce "perro", wato kare, sai "pero", wato amma, ya fito, don harafin nan ne kaɗai ya bambanta su.

Jiya ta tsayar da ni gaban aji. Na rufe ido, na tuna Baba a bakin teku yana yi wa ma'aikatansa tsawa, na kwaikwaye shi. Sai ga harafin ya fito sarai.

Wata daga baya ta ce, "Ashe da 'yar daba muke zaune."

Malama tana dariya ta ce, "Chizuru, wa ya koya miki?"

Na ce, "Babana."

Na san har yanzu yana fushi da na ɗauki yaren da ya ce ba ya kama kifi. Don Allah ki lallashe shi ya kira ni kafin jarrabawar. Ko faɗa ne ma ya yi mini, ina so in ƙara ji.

Ki riƙa sa rigar sanyi da safe.

'Yarki,
Chizuru