Kunnuwan Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Na san kin rantse ba za ki sake taka gidanmu ba tun ranar da ƙaninki Auta ya kore ki a gaban baƙi, yana cewa bai san ki ba. Yaya, ba shaye-shaye ba ne kamar yadda kike zato. Kin tuna kunnuwansa da suka kumbura suka yi ja, muka yi ta ɗiga maganin kemis? Yanzu karan hancinsa ya lotsa. Likita ta ce wata cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, mai cin guringuntsi, kuma kumburin ya kai ƙwaƙwalwa. An karɓe makullin motar 'yan makarantar da yake tuƙawa daga hannunsa, don ya yi ɓatan kai da yara a hanyar da ya fi sani. Ki zo tun yana gane mutane.

Taki,
matar ƙaninki

Amarya,

Na amsa gaisuwarki. Ni na goyi Auta, ni na yi ta jan kunnuwan nan har suka yi faɗi kamar faifai, ba abin da ya same su. Tangaɗin da yake yi da idona na gani. Tun yaushe guringuntsi ya fara hawa kai? Ki daina rufa masa asiri. In ciwo ne, Allah ya ba shi lafiya. In yana son ganina, ya rubuto da hannunsa ya ba ni haƙuri.

Ki gaida yara.
Yayarku

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ba shi biro, ga takardar nan na sa miki a ciki: zane ne kawai karkatacce. Tangaɗin ma likita ta ce cutar ce ta taɓa cikin kunne. Jiya ya faɗi yana fizge-fizge, an kwantar da shi a asibiti. Ni kaina yanzu "Malama" yake ce mini, yana tambayata ko an tashi yara. Na gaji, Yaya, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushinki.

Da safe nas ta kama kunnensa za ta shafa magani, sai ya runtse ido ya ce, "Yaya, yi haƙuri, ba zan sake ba." Ga haƙurin da kika nema, wata ce ta karɓar miki.

Na bar ki lafiya,
matar ƙaninki

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da jinya. Ina biye da wannan takarda. In na shigo kada ki ce masa ni ce. Ki bari in kama kunnen nan da kaina, ko zai gane hannun.

Sai na iso,
Yayarki