Akuyar amana ta gurgunce a hannuna

Adda Safiyatu, don Allah ki taimake ni, kunya na neman kashe ni. A Jambutu nake zaune, nan Garwa. Shekara biyu ke nan ƙawata Mairamu ta ba ni akuya habbanaye, irin ta Fulani: ka kiwata, ta haihu, ka riƙe 'ya'yan, ka mayar da uwar ga mai ita. Ba ni da ko kaza a lokacin. Yanzu awakina huɗu, duk albarkacinta.

Da damina ta faɗi sai na ɗaure ta, don kada ta shiga gyaɗar maƙwabta. A ƙafar gaba na ɗaura igiyar, kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi, sai dai tata ta rama ce, tawa kuwa ta leda. Wallahi ban lura ba sai da igiyar ta nutse cikin nama. Maigidana Lukmanu ya shafa mata baƙin man babur, ya ce dabba ba ta jin zafi kamar mutum. Ƙafar ta kumbura, ƙuda ya sa ta gaba, da ƙafa uku take tafiya, ko 'ya'yanta ba ta bari su sha.

Mairamu za ta dawo daga Rey Buba mako mai zuwa, kuma lokacin mayarwa ya yi. Lukmanu ya ce mu miƙa ta ga mahauci, mu samo mai kama da ita. Da wane ido zan kalli matar da ta rufa mini asiri?

Mai kiwo, Jambutu

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga kunyarki ta cinye rabin takarda, ita kuwa akuyar mai ciwo, layi uku kawai ta samu. To, da ita za mu fara.

Yau ɗin nan ki cire igiyar. Ki wanke ciwon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, ki kai ta inuwa, ki ajiye mata ruwa da harawa kusa da bakinta. Baƙin mai na babur ne, ƙona nama yake yi. Ki kira ma'aikacin dabbobi na unguwarku, kumburi irin wannan ya wuce maganin gida.

Ban ga laifinki kan ɗaurin ba, gonar mutane ma hakki ce. Mahaifiyarki kuma igiyar rama take amfani da ita, wadda ba ta yanka haka. Nan gaba ki yi ɗan shinge, ko ki ɗaura a wuya da tsumma mai faɗi, ki riƙa dubawa kullum.

Malam Lukmanu so yake ya fitar da ke kunya, na yaba masa, amma dabararsa ba ta ɓullewa. Bafulatana ta san akuyarta ko a cikin ɗari. Batun jin zafi kuwa, ya taɓa ƙafar ya ga yadda za ta zabura.

Ki kira Mairamu kafin ta iso, ki faɗa mata komai, ki roƙi ta bar miki akuyar har ta warke. Za ta iya jin haushi, hakkinta ne. Amma gara ta tarar da ke durƙushe kina wanke ƙafar akuyarta da ta tarar da baƙuwa a turke.

Allah ya ba ta lafiya, ya bar ku tare.

Adda Safiyatu