Ranar da Uwargida Ellerby Ta Sauko

Coldwick, 5 ga Mayu, 1884

Zuwa ga Yaya Miriam,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baba. Yaya ƙafar tasa? Kada ki bar shi ya bi tumaki cikin raɓa, ko da yake na san faɗa masa ɓata yawu ne.

Mun tare a ƙaramin gidan da ke bayan coci. Kin yi mini tsiya wai na auri ɗan masu ƙasa, saura miƙe ƙafa da shan shayi. To, shayin ina sha, amma da ƙyar yake wucewa. Mako biyu zan yi ina zaune a falo daga ƙarfe uku zuwa biyar, ina jiran matan manyan gidaje su zo ganin amarya. Ba ni da ikon taka ƙofar kowa sai an fara taka tawa, kuma babu wadda za ta motsa sai mahaifiyar mijina Roland, Uwargida Ellerby, ta fara zuwa. In ta sauko daga keken dokinta ta shigo, na zama tasu. In ta aiko da katin gaisuwa kawai, ko ta ƙi zuwa sam, to har abada ni 'yar Rudge ce mai noma musu gona, kuma Roland ya rasa danginsa saboda ni.

Shi yana cewa bai damu ba. Ƙarya yake yi, Yaya, don kada in ji ciwo. Ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, yana duban hanya.

Ki gaishe mini da Baba.

Ƙanwarki,
Keziah


Coldwick, 13 ga Mayu

Yaya Miriam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kumburin ƙafar Baba ya sauka.

Har yau babu wadda ta zo sai matar limamin coci, ita ma a ƙafa, tana waige kamar mai shiga gonar wani. Ran Lahadi Uwargida ta wuce mu a ƙofar coci, rigarta ta shafi hannun Roland, ba ta ko ɗaga ido ba. Ɗanta na cikinta fa. Yayansa kuma ya tara abokai kamun kifi a kogin gidansu, inda Roland ya koyi jefa ƙugiya, sai a bakin maƙeri ya ji labari.

Jiya ya gyara mini yadda nake riƙe butar shayi, sannan ya yi ta ba ni haƙuri har na ji gara da faɗa ya yi. Ya fara zancen mu ƙaura zuwa Kanada, mutumin da ba ya iya kwana uku nesa da waɗannan filaye. Ina sonsa, kuma ina tsoron ranar da zai dube ni ya tuna abin da ya bari.

Ina kewar Baba. Ki ce ya zo in gan shi, kuma ta ƙofar gaba zai shigo, gidan 'yarsa ne. Saura kwana huɗu.

Taki,
Keziah


Coldwick, 17 ga Mayu

Yaya Miriam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Baba ya isa gida lafiya. Ban san abin da ya gaya miki ba, don haka bari ki ji daga bakina.

Yau ce ranar ƙarshe. Huɗu ta gota, na riga na fid da rai, sai na hango Baba ta taga. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, yana riƙe da kwandon ƙwai, yana hawa matakalar gaba ɗaya bayan ɗaya saboda ƙafar. Na tashi da gudu na buɗe masa da kaina. Ko gaisawa ba mu yi ba na ji muryar Roland a bayana, ƙasa-ƙasa: “Keziah, ga Mama.”

Keken dokin ya riga ya karyo kwana. Kin san ta, na san ta. Ba za ta taɓa saukowa ta zauna a falo ɗaya da mai noma mata gona ba. Baba ma ya sani. Ya dubi keken, ya dube ni, ya tsaya yana jira. Kalma ɗaya ce, in ce masa shigo. Ban faɗa ba. Na karkata kai na nuna masa hanyar ƙofar baya.

Sai ya cire mini hula, Yaya. Yadda yake cire musu in sun wuce shi a hanya, haka ya cire mini, ya rusuna, ya sauka ya zagaya ta gefen gida. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ta sauko. Ta zauna minti goma sha biyar daidai kamar yadda aka saba, ta yi zancen ruwan sama da furanni, ni kuwa ina ta “ranki ya daɗe” ban san me nake amsawa ba. Da ta miƙe za ta tafi, ta ce: “Rudge mutum ne da ya san matsayinsa. Na ga ke ma kin sani.” Ta ce mu je cin abinci gidanta, Babban Gida, ran Laraba. Ashe ta ga komai, kuma abin da ya sauko da ita ke nan.

Tana fita na ruga kicin. Baba ya tafi, ko zama bai yi ba. Mai dafa mana abinci ta ce ya ajiye ƙwan ya ce a ba Uwargida, wato ni.

Roland yana ta riƙe hannuna yana dariya da hawaye, ya daina zancen Kanada. Na samo masa danginsa, abin da na roƙi Allah ke nan dare da rana, kuma na kasa kallon fuskarsa.

Don Allah kada ki ɓoye mini komai don tausayi. Ki rubuto ki gaya mini, da Baba ya zo ba ki labari, da wane suna ya kira ni.

Ƙanwarki,
Keziah Rudge