An Hana Ɗana Shiga Aji, An Sa Shi a Allon Talla

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Koyar da Matan Aure Kwamfuta, Gumel.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali, da ma'aikata baki ɗaya. Na zo ofis ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce ka tafi Dutse. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili, ko takardar za ta same ka a can.

Sunana Rabi. 'Ya'yana uku, ƙaraminsu Sadiƙu yana goye. Na yi karatun malanta, har na koyar a firamare, sai na zauna a gida bayan haihuwa ta biyu. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar dabbobi daga Maigatari zuwa Kudu, in ya tafi sai mun gan shi. Surukata tana Sule Tankarkar, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Na faɗa ne don Yallaɓai ya san irin matan da ya kira.

Na farko, maganar talla. A rediyo na ji an ce kun buɗe horo na musamman domin matan da ke zaune a gida da yara. Na ƙara murya don in tabbatar, aka sake faɗa. A lokacin shugabar wata makaranta ta yi mini alkawarin ba ni aikin buga takardun jarrabawa daga gida, in na kawo shaidar na iya kwamfuta. Aiki ne da zan yi tukunya tana kan wuta. Na nemi izinin maigida, ya ce Allah Ya ba da sa'a, na je na yi rajista.

Na biyu, maganar ƙofa. Ranar farko mai gadinku, Baba Ilu, ya tare ni cikin mutunci, ya ce, “'Yata, ki yi haƙuri, ba a shiga da yaro.” Na tambayi dalili a ciki, aka ce yara suna taɓa kwamfuta. Sadiƙu a lokacin ko zama bai iya ba. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tsotsar yatsarsa.

Na uku, maganar lokaci. An sa darasinmu daidai lokacin da ake tashin yara daga makaranta, ana jiran abincin rana. Na tambaya ko za a mayar da shi hantsi, aka ce hantsi na ajin samari ne, saboda su suna da harkoki da rana.

Na huɗu, yadda muka yi karatun. A gindin darbejiyar da ke bakin ƙofarku na haɗu da Saratu, wadda take shigo mota daga Gagarawa da 'yarta Walida a baya. Ita ma an tare ta. Muka dubi juna, muka shirya: ɗaya ta shiga aji, ɗaya ta riƙe yara biyu, in an kai rabi mu yi musanya. Da haka ni na iya buɗe shafi da rubutu, ita ta iya adanawa da bugawa. In an tashi, mu tsaya a bakin titi kafin ta samu mota, kowa ta karanta wa 'yar'uwarta rabin da ta rasa.

A nan dole in yaba wa malaminmu, Malam Nura. Da ya gane abin da ke faruwa, sai ya riƙa buɗe tagar da ke kallon bishiyar yana ɗaga murya, har masu Keke Napep da ke jiran fasinja suka fara sanin yadda ake gyara layi. Daga baya aka umarce shi ya rufe, wai sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana fita.

Bazara ce, Yallaɓai ya san ranar Gumel. Inuwar darbejiya kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, mu ne muke bin ta da tabarma. Wata rana jikin Walida ya yi zafi a hannuna, kafin uwarta ta fito idonta ya fara juyewa. Muka garzaya asibiti, aka ƙara mata ruwa, Allah Ya sa ta tashi. Mijin Saratu ya ce ya isa haka, kuma ban ga laifinsa ba. Saratu ta kira ni a waya ta ce, “Rabi, ki ƙarasa mana.” Ita ce ta fi mu duka saurin hannu a ajin nan. Yanzu tana gida. Bayan tafiyarta ba ni da mai riƙe mini Sadiƙu, sai ranar da maƙwabciyata ba ta da aiki. Ranar da take da shi, ina waje, ina jin abin da ya ratso taga.

Na biyar, ranar yaye ɗalibai. Saƙo ya shigo wayata cewa kowace ɗaliba ta zo da yaranta cikin kwalliya, domin manyan baƙi za su zo. Na karanta, na ba babbar 'yata ta sake karanta mini. Ranar Baba Ilu ya buɗe ƙofa duka biyu, bai iya haɗa ido da ni ba. Aka zaunar da ni a kujerar gaba, Sadiƙu a cinyata. Mai hoto ya ce in ɗora hannun yaron a kan kwamfuta, zai fi kyau. Na ɗora. Ina shaida wa Yallaɓai cewa babu abin da ya same ta.

Ka yi jawabi mai daɗi, ka ce cibiyarku gida ce ga uwa da ɗanta. Baƙi suka tafa, ni ma na tafa da hannu ɗaya. Da aka zo rabon takardun shaida, aka kira sunaye har aka gama ban ji nawa ba. Na tambaya, aka ce ban cika zaman aji ba. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Sadiƙu dai ya samu biskit.

Aikin makarantar nan an ba wani, don jarrabawa ba ta jiran kowa. Ban yi fushi da shugabar ba, ta jira iya jiranta.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai abubuwa kaɗan. A gwada ni a gaban kwamfuta, in na iya a ba ni takardata, in ban iya ba in koma gida da bakina a rufe. A nemi Saratu, a ba ta damar ƙarasawa. A dawo da ajin iyaye mata hantsi. Ɗakin da kuke ajiye karyayyun kujeru a share shi, a shimfiɗa tabarma, mu da kanmu za mu riƙa karɓa-karɓar zama da yara, ba sai an ɗauki ma'aikaciya ba. In duk wannan ya gagara, a gyara tallar, a ce horon na matan da ke zaune a gida da yara ne waɗanda ba su da yara.

Abu na ƙarshe. Satin da ya wuce maigidana ya dawo ya ce ya gan mu a hanyar Maigatari. Na je na duba. Ga ni a babban allo, ga Sadiƙu da hannunsa a kan kwamfuta, an rubuta cewa an fara rajistar sabon aji. Tun daga ranar matan unguwarmu suke sallama a gidana, suna tambaya ko da gaske ne ana shiga da goyo. Ba na son in ɓata muku suna, ba na kuma son in yi ƙarya. Abin da nake gaya musu shi ne, ƙwarai ana shiga, ranar hoto.

Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da nisan kwana, Ya raya masa zuri'a, Ya saka wa wadda ta goya shi da Aljanna.

Wassalam.

Rabi, Maman Sadiƙu,
Gumel.