Kainuwar da Na Ba Akuya

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Allah Ya tsare ki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, yayarki ta koma aiki. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san kududdufan nan na bayan majema, inda ruwan jimar fata yake taruwa. Bayan tafiyarki aka zuba musu kainuwa da gansakuka, wai su tace ruwan. Sun kuwa tace, ruwa ya shiga baƙi ƙirin yana ɗoyi, ya fito garau. Duk mako ma'aikata sukan kwashe kainuwar su tara a gefe. Kin san halina, ba na iya ganin ɗanyen ganye in wuce. Na ce wannan ai asara ce, na riƙa cika buhu ina kawo wa akuyarmu. Ta yi ɓul-ɓul, nono ya yawaita, har ina yi wa maƙwabta fariya. Nonon nan shi nake dafa wa maigidana ƙarami, ɗanki, kullum da safe, wata biyu cur.

Shekaranjiya wata malama da ke auna ruwan ta gan ni da buhu. Da na faɗa mata inda nake kaiwa, sai da fuskarta ta canja. Ta ce gubar da ke cikin ruwan jimar ba ɓacewa take yi ba, cikin ganyen take komawa, shi ya sa ake binne shi. Sai ta tambaye ni wa yake shan nonon. Auta, na ce mata jikana ne.

Jiya aka ɗebi jinin yaron a asibiti, sakamako sai Alhamis. Yana wasansa, yana cin abinci, amma ko tari ya yi sai in ruga in duba shi. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Babanki ya ce in ɓoye miki saboda jarrabawarki. Na ƙi. Amana kika ba ni, kuma da hannuna na ba shi nonon.

Babanki da yayarki da gwaggonki suna gaishe ki. Ki gaida abokiyar ɗakinki. Ki yi wa ɗanki addu'a, ni kuma ki yafe mini. Da safen nan ya ɗauko kofinsa ya tsaya gaban akuyar yana kirana, na kasa fitowa daga ɗaki.

Mahaifiyarki.