Na Rubuta Cewa Ruwan Rijiyarsu Lafiya Yake, Alhali Ban Gwada Ba

Assalamu alaikum Edita, da dukkan masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci. In zagi ne na san na cancanta, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naku muni. Shawara nake nema, da gaggawa.

Ni magidanci ne, ina zaune a Unguwar Gano da matata da 'ya'yanmu biyu. Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba irin na jini da fitsari ba, namu na duwatsu ne da ƙasa da ruwa. Masu binciken ƙasa su shiga daji su ɗebo gutsattsarin dutse da rairayin gindin rafi da ruwa a kwalabe, mu kuma mu niƙa, mu tankaɗe, mu narkar da asid, mu sa a na'ura ta faɗa mana abin da ke ciki, ƙarfe ne, tagulla ce, ko dalma. Na'urar da fitilu take aiki, kowane sinadari da fitilarsa, 'yar ƙaramar aba ta gilashi kamar kwalbar turare, kuma ba a samunta a Kano, sai an aiko daga ƙasar waje.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani sabon ciyaman a wata ƙaramar hukuma can nesa, kusa da iyaka, ya ƙudiri aniyar haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukansa kafin ya cika kwana ɗari a ofis. Aka ba kamfaninmu aikin duba inda ya kamata a haƙa da inda bai kamata ba. Wanda ya shiga dajin wani dattijo ne da zan kira Malam Habu, ba sunansa ke nan ba. A Babban Giji yake zaune, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidanmu, wanda muke kira Dakta, lokacin da nake yawo da takarduna ba aiki. Mako uku ya yi a daji, ya dawo ya rame ya yi baƙi, da buhunan samfur a bayan mota. Da muna saukewa ya ware wata jaka daban ya miƙo min.

"Ƙanena, wannan ka duba min ita da idon basira. Daga ƙauyen ƙarshe ne, wanda mota ba ta kaiwa. Gaɓar rafinsu duk dutsen tozali ne, mata har tsinta suke su daka su yi kwalli. Inda tozali yake akwai dalma, ita kuwa guba ce a ruwan sha. Kuma nan ne ruwa ya fi kusa, nan masu haƙa za su so."

Na ce, "Kada ka damu Malam, ita zan fara yi."

Ban fara da ita ba. Na bar ta ƙarshe don in yi ta a natse. Ranar Alhamis da la'asar, Dakta ya yi tafiya, ni kaɗai ne a ɗakin, na ciro fitilar dalma zan goge ta, hannuna da danshi, ta suɓuce. Ƙarar ma ba wata babba ba ce. Na durƙusa ina kallon gilashin a kan siminti. Ita kaɗai ce gare mu. Wata uku kacal da Dakta ya damƙa min na'urar nan a gaban kowa, ya ce ni ne wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Rahoto kuma ranar Litinin za a zo karɓa, motar haƙa tana can tana jira. Me ya hana in jira Dakta in ce na fasa fitilar? Me zai yi min, yanka ni zai yi? Iyaka ya yi faɗa, ko ya kore ni, a ɗage aikin wata biyu. Yau ina ganin ƙanƙantar abin har mamaki yake ba ni. Amma ran nan ban ga ƙauye ba, ban ga mutane ba, fuskar Dakta kawai nake gani da dariyar da abokan aiki za su yi. Na share gilashin na ƙunshe a takarda na sa a aljihu. Na ɗauko sakamakon ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su, waɗanda na riga na gwada suka fito lafiya, na kwafi lambobin na ɗan sassauya su don kada su yi kama sosai, na cike gurbin. Na ce a raina ai ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Babu wanda ya ba ni cin hanci, babu wanda ya tsorata ni. Da akwai ma da na samu wanda zan raba laifin da shi.

Malam Habu ya karanta takardar sau biyu a tsaye. Ya ce, "Ikon Allah. Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya yi hamdala, ya ce to idonsa ne ya tsufa, na'ura ta fi shi gani. Dakta ya sa hannu. Bayan wata guda na ce fitilar ta ƙone da kanta, aka aiko da sabuwa, ba wanda ya tambaye ni komai. Malam Habu da kansa ya koma ƙauyen ranar buɗe rijiya, ya dawo yana ba mu labarin yadda mata suka yi ta guɗa, domin da can sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa wata tsohuwar rijiya. Ya ce wani tsoho ya tambaye shi ko ruwan ba ya cutarwa, tun da kakanninsu ba su taɓa yarda a sha daga wannan gefen ba, shi kuma ya rantse musu da Allah a ƙofar gidan maigari cewa an gwada a Kano.

Shekara uku ke nan. Na halarci bukukuwan aure da na suna na mutane, na samu ƙarin girma, har na kan yi wata guda ban tuna ba.

Watan jiya Malam Habu ya tsayar da ni bayan sallar Juma'a ya ce yana da baƙi daga ƙauyen nan, in zo mu gaisa. Wata mata ce, Hanne, da 'yarta Rabi mai shekara huɗu. Maigari ne ya haɗa su da shi don ba su san kowa a Kano ba. Na shiga na tarar da yarinyar kwance a tabarma a tsakar gida, cikinta a kumbure, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Uwar ta ce a da surutu ne da ita kamar aku, sai ta fara ciwon ciki da amai, sai jijjiga, yanzu wata biyu ko "Inna" ba ta ce ba. Ta ce an yi rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Sai ta ƙara da cewa, kamar tana ba da labarin damina, "Ai ba ita kaɗai ba ce Malam, yaran unguwarmu haka suke yi. Mun binne na maƙwabciyata, mun binne na ƙanin mijina. Awaki ma ɓari suke ta yi."

Na tambaye ta a ina suke shan ruwa. Ta ce a famfon gwamnati mana, Allah ya saka wa wanda ya kawo. Ta nuna wata jarka a gindin bango. Ta ce Rabi ba ta son ruwan birni, shi ya sa ta taho mata da na gida.

Edita, ina tsaye ta tsiyaya a kofi ta ɗaga kan yarinyar ta ba ta. Ina tsaye. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ta lafiya." Wane irin mutum ne wannan? Kafin in fita dai na ce wa matar Malam Habu ruwan ya kwana biyu a jarka, gara a riƙa ba ta dafaffen ruwan nan gidan, na faki ido na cika wata 'yar kwalba na sa a aljihu.

Washegari suka je asibiti. Malam Habu ya ba ni labari da bakinsa: likitar ta duba dasashin yarinyar, ta tambaya ko akwai haƙar ma'adinai a garinsu, ko an taɓa gwada ruwansu. Shi kuma, don ya taimaka, ya koma gida a kan acaɓa ya ɗauko kwafin rahotonmu ya kai mata. Ta karanta ta ce to alhamdu lillahi, an rage zargi ɗaya, bari a nemi sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai. Ƙaryar da na yi don in tsira da mutuncina ta biyo yarinyar nan har gadon asibiti ta juya wa likita hankali.

Ranar Litinin na gwada ruwan kwalbar. Na shiga sito na tono jakar rairayin nan ta shekara uku, tana nan da rubutun hannun Malam Habu, na gwada ita ma. Ba zan ba ku lamba ba. Na dai ɗauka na'urar ce ta lalace, na wanke na sake, na sirka da ruwa mai tsabta na sake. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin dalma haka a ruwan da ɗan Adam ke sha ba. Na ce gobe zan je asibitin in samu likitar ita kaɗai. Goben ta zo na ce bari in fara tsara yadda zan faɗa. Ranar Laraba da hantsi Rabi ta rasu.

Maƙabartar Tarauni muka kai ta. Ni na karɓe ta daga hannun Malam Habu na miƙa wa wanda ke cikin kabari, ba ta fi nauyin ƙaramar 'yata ba. Da muka dawo Hanne ta ce min daga bayan labule, "Malam an gode, an gode da ɗawainiya, Allah ya raya naka." Na ce amin.

Kada ku ce ban yi komai ba, ko da yake abin da na yi ɗin ma na matsorata ne. Na rubuta wasiƙa ba suna zuwa ofishin ciyaman na ce a rufe rijiyar. Shiru. Sunansa ne a allon da ke jikinta, zaɓe kuma ya ƙarato, wa zai rufe ta saboda takardar da ba a san mai ita ba? Na samu Dakta na ce ko za mu sake duba samfurin ƙauyen nan. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Me ya faru? Kana shakkar aikinka ne?" Ƙofa ce a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Na ce a'a ranka ya daɗe, tunani ne kawai. Ya ce to in bar tunani in koma aiki.

Abin da ya fi ci min rai Malam Habu ne. Ya daina cin abinci sosai. Ya zo gidana ya zauna a zaure ya ce, "Ƙanena, ko ni na yi kuskure? Ko kwalaben da na ɗebo na wani rafin ne na haɗa lambobi? Na tsufa fa. In ni ne, me zan ce wa Allah? Na rantse musu." Mutumin da ya yi aikinsa daidai, wanda idonsa ya ga gaskiya tun ranar farko, yana zaune a zaurena yana tuhumar kansa, ni kuma ina zuba masa shayi ina cewa ƙaddara ce. Matata ta lura ba na iya kallon yaranmu in suna shan ruwa. Ta tambaye ni ko wata nake nema, na ce ciwon kai ne. Da ma hakan ne.

Na san abin da zai biyo baya in na faɗa. Aikina ya tafi, kuma ba wani ɗakin gwaji da zai sake ɗaukata. Dakta, da bai san hawa ba bai san sauka ba, sa hannunsa ne a takardar, kamfanin da ya gina da mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa duk za su iya rushewa. Wataƙila kotu, wataƙila gidan yari, 'ya'yana su tashi da sunan ɗiyan wanda ya kashe yaran ƙauye. Kuma ban san hukuncina a addini ba: kisan kuskure ne, ko ya wuce nan tun da daga baya na sani na yi shiru? Akwai diyya a kaina? Ta rai nawa, tun da ban ma san adadinsu ba? Malamai masu karanta wannan shafi, don Allah ku ba ni amsa. In kuma na ci gaba da shiru, yau da safe ma an yi layi a bakin famfon nan da bokitai.

Shekaranjiya Malam Habu ya dawo gidana. Maigari ya aiko masa cewa gari ya rabu biyu: wasu sun fara zargin rijiyar sun koma tsohuwar mai nisa, wasu sun ce ai an gwada a Kano. Suna so a zo a raba musu gardama. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ni sun ji ta bakina, yanzu ba na ma yarda da kaina. Kai ne mai na'ura. Ranar Asabar za mu tafi, na riga na faɗa musu zan zo da wanda ya gwada ruwan da hannunsa. Duk abin da ka ce, shi za su bi."

Na ce masa Allah ya kai mu.

Zan je, wannan na yanke. Kuma ba zan ce su sha ba, ko za a kashe ni. Abin da ban sani ba shi ne sauran. In ce sabon gwaji ne ya nuna ruwan ya lalace daga baya, a rufe rijiyar, yara su tsira, ni ma in tsira, in bar Malam Habu ya mutu yana zargin kansa? Ko in fara zaunar da shi a mota in gaya masa abin da ƙanen da ya ɗauko daga titi ya yi masa, sannan in tsaya a ƙofar gidan maigari, Hanne na jina, in ce ban taɓa gwadawa ba?

Jama'a, Asabar ta kusa. Don girman Allah, me zan yi?